Jagaban Ayari da Masu Fara Sabon Abu a Fasaha

Jawabin da wani ɗan kwamitin ilimi na ƙungiyarmu, ɗan kasuwa a Jimeta, ya gabatar a taron wata-wata. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

  



Ni dai kun san ni, ba ɗan boko ba ne. Allo na yi, na yi Islamiyya, daga nan mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya zaunar da ni a rumfa. Saboda haka in na yi tuntuɓen harshe a yi mini gyara. Abin da ya sa na roƙi shugaba ya ba ni wannan dama shi ne takardar nan da samarinmu suka kawo wa kwamiti, suna neman a ba su harabar ofishin ƙungiya su yi wasan kwaikwayo a kan toshewar magudanan ruwa da ambaliya. Mun zauna a kanta sau biyu, mun tashi baram-baram. Wasu daga cikin iyayenmu suka ce ba su ƙi wasa ba, amma wannan wane irin wasa ne? Ba dandamali, ba labule, ba rubutaccen labari. Kiɗan ma da jarka da galan ake yinsa. Ana cikin magana da Hausa sai a juya Fillanci. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai, wai ana tsakiyar wasa sai a tsaya cak, a juyo a tambayi 'yan kallo me ya kamata a yi. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ƙwarai ya ce wannan bai yi kama da komai da ya sani ba. Gaskiya ya faɗa. To a kan abin da bai yi kama da komai ba ɗin nake so in yi magana.

Kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da waɗanda suka keto har nan ƙasar Adamawa neman hauren giwa, ba sa tafiya sai da tsari. Akwai madugu uban tafiya, akwai uban dawaki, sannan akwai jagaba. (Ba na siyasa nake nufi ba, kada wani ya ɗauke ni.) Jagaba shi ne mai shiga gaba. Shi zai fara taka mashigin kogi ya ji zurfinsa, shi zai fara ganin zango. In hanya ta yi kyau, ayari ya wuce, ba mai tunawa da shi. In ta ɓaci kuwa, sunansa ne a bakin kowa. Ɗana da ya yi karatu a Samaru ya gaya mini Turawan Faransa suna da kalma irin wannan, abangad, asalinta sunan rundunar da ke shiga gaba ne wajen yaƙi, daga baya aka laƙaba wa masu zane da marubuta da makaɗa da 'yan wasa masu gwada abin da ba a saba ba. Na ce da shi ai mu ma muna da su, jagaba ke nan.

Bari in fara da abin da ya shafi malamai, tunda ga su a gaba. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon masu ilimi su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Ya sha wuya kafin ya samu. A wurin malaman lokacin, alƙalami na karatun addini ne da wa'azi da tarihi. Tatsuniya kuwa ta mata ce da yara da dare. Yaya babban mutum zai zauna ya ɓata tawada a kan abin da bai faru ba? Amma 'yan kaɗan suka amsa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yau wa zai tashi a ɗakin nan ya ce Ruwan Bagaja ɓata tarbiyya ne? Mu ne ma muke yi wa yaranmu faɗa don ba sa karanta shi.

Na biyun, da ni aka yi, kuma ba a gefen kirki na tsaya ba da farko. A farkon shekarun 1990, lokacin ana cikin canza suna daga Gongola zuwa Adamawa, ina saurayi, mahaifina yana aike na Kano saro kaya. In na gama da Kantin Kwari sai in leƙa wajen masu littattafai. A lokacin ne wasu matasa da matan aure a Kano suka ga kamfanonin ɗab'i ba su da lokacinsu, sai suka ce to mu ma za mu buga da kanmu. Su rubuta, su tara kuɗi, su kai wa mai injin buga katin biki, a sa bango mai zanen hannu, su ɗauka su kai kasuwa. Suka kafa ƙungiyoyi, wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ku dubi sunan ma kawai, raina kama ka ga gayya. Sun san raina su ake yi.

Da In Da So Da Ƙauna ya fito a 1991, na sayo 'yan kwafi na cusa a cikin dilar atamfa. Kafin sati sun ƙare a nan Jimeta. Na ƙaro, suka ƙare. Matan da suka yi yaƙi da jahilci suka manta karatun, sai ga su suna aiko yara a sayo musu. Ana nan sai wani babba a layinmu ya kai ƙarata wurin mahaifina, wai ina shigo da littattafan lalata cikin gidajen mutane. Mahaifina bai tambaye ni ba, ya ce in kwashe su daga rumfa. Na kwashe. Kuma don in wanke kaina, ni ma na shiga sahun masu zaginsu, alhali ban taɓa zama na karanta ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Sai bayan shekaru, ina jinyar ƙafa a gida, na ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba, wanda ya fito a 1990. Jama'a, labarin wani ɗan kasuwa ne da ya wulaƙanta uwar 'ya'yansa, ya kore ta da yara saboda wata mace. Na ajiye littafin jikina a sanyaye, domin na san mutum uku a kasuwarmu da in an canza suna labarinsu ne. Ashe abin da ya sa manya suka tsani littafin, madubi ne.

Masana ma sun yi ta kai ruwa rana a jaridu. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, yana ganin ba za su yi ƙarko ba, Malam Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. Har a 2007 an tara irin waɗannan littattafai an cinna musu wuta a Kano a gaban hukuma. Amma a 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga wancan littafi na Hajiya Balaraba da Turanci, fassarar Aliyu Kamal, a 2014 kuma gwamnatin tarayya ta ba Gidan Dabino lambar girma ta MON. Ban ce duka littattafan nan na kirki ba ne, akwai tarkace da yawa a ciki. Abin da nake kunya shi ne na yanke hukunci ban buɗe ba.

Ta wajen kiɗa ba sai na daɗe ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya fito a zamanin da makaɗi sai da tarin 'yan amshi da maroƙa da ubangida mai rawani. Shi kuwa ya zo shi kaɗai, da ɗan kuntigi mai tsirkiya ɗaya wanda ake yi da gwangwani, ya ce karen mota zai yi wa waƙa. Wa ya taɓa jin an wasa karen mota? To wanda ya karɓi gwangwani daga hannun Ɗan Maraya, ban ga dalilin da zai ƙi jarka daga hannun yaranmu ba.

Yanzu bari mu je Zariya, domin can ne ainihin tushen abin da yaran nan suke so su yi. Lokacin da na kai wa ɗana ziyara a jami'a ya zaga da ni, kuma abu biyu ya ba ni labarinsu da ban manta ba.

Na farko na masu zane ne. Na san akwai maganar malamai a kan zanen abu mai rai, ba zan shiga ba, ga masu ita nan zaune. Darasin kawai nake so. A 1958, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kwalejin fasaha da kimiyya a Zariya, malaman zane yawancinsu Turawan Ingila. Suna koya wa ɗalibai zane daidai yadda ake yi a Landan. Sai wasu ɗalibai, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, suka ce mun yarda mu koyi dabarun Bature, amma ga ƙasa za ta sami 'yancin kai, kowa ya koma ya tono abin gidansu ya haɗa. Daga baya aka riƙa ce musu 'yan tawayen Zariya. Uche Okeke, wanda shi ma ɗan zaman baƙunta ne kamarmu, Inyamuri ne da ya tashi a Kafanchan, ya koma wurin mahaifiyarsa ya koyi uli, wato zanen da matan ƙabilarsu ke yi a jiki da bangon ɗaki, kamar yadda namu ke yin lalle. Abin da ake ganin aikin matan ƙauye ne, shi ya ɗaga ya zama makaranta guda a Jami'ar Nsukka. Ƙungiyar shekara uku kawai ta yi, ta watse a 1961. Amma yau in za a ba da tarihin zane a Nijeriya ba a tsallake su. Demas Nwoko ya koma gini da jar ƙasa da katakon gida, a 2023 aka kira shi birnin Benis na ƙasar Italiya aka ba shi babbar lambar yabo ta masu tsara gine-gine, yana tsoho tukuf.

Na biyu shi ne gidan wasan kwaikwayo na jami'ar. Ni da na ji an ce gidan wasa, na zaci zan ga wani dogon zaure mai kujeru kamar silima. Sai na tarar da ginin ƙasa, ɗakuna zagayayyu irin zaurukanmu sun kewaye fili, kamar ka shiga gidan mai unguwa. Wani Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich ne ya tsara shi a tsakiyar shekarun 1970, magina na gargajiya suka ɗora. A nan ne, daga 1975, wani malami Michael Etherton da abokan aikinsa, tare da ɗalibai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka fara wani gwaji. Suka ce me ya sa kullum sai wasannin Turawa, a cikin ɗaki, 'yan boko na kallon 'yan boko? Sai suka riƙa tura ɗalibai cikin garin Samaru su zauna da mutane, su ji abin da ke damunsu, ruwan sha ne, shara ce, asibiti ne, su dawo su ƙulla wasa ba tare da rubutu ba, su koma su yi shi a dandali.

A 1977 suka kai abin Soba, wanda aka sani da Wasan Manoma, daga baya suka je Maska da Bomo. Suna yi suna gyara. Da farko su ne ke zuwa da wasa su nuna wa manoma. Sai suka lura ashe wa'azi kawai suke yi wa mutanen da suka fi su sanin matsalar. Manomi ya fi ɗalibi sanin inda taki ke maƙalewa. Daga nan suka juya, manoma su shiga cikin wasan da kansu, a kai daidai wurin da magana ta cije a tsaya, a ce to jama'a, in kai ne me za ka yi? Wanda ya ba da shawara a ce bismillah, shigo ka gwada. In shawarar ba ta ɓulle ba kowa ya gani da idonsa, a sake wata. Wannan dabara ba su kaɗai ba ne, wani mutumin Barazil, Augusto Boal, ya yi suna a kanta, an kuma gwada irinta a Botsuwana. Amma a ƙasar Zazzau da Hausa aka yi ta, da manoma Hausawa. Kun ga ke nan tsayawar nan a tsakiyar wasa da ta ba mu mamaki a kwamiti ta kusa shekara 50 a ƙasar Hausa. Mu ne labari bai iso mu ba.

Kuma in an bi ta barauniyar hanya, ai mun san wasa ba dandamali. Wanenmu bai yi tashe ba da azumi? Wa ya taɓa rubuta wa 'yan tashe takarda? A ƙofar gida ake yi, a kwaikwayi mai rowa da malalaci da mijin da ba ya cefane, mai gida na ji yana dariya, ya san da shi ake, ya kuma ba da sadaka.

To amma kada samari su yi saurin tafi. Jagaba ma yakan kai ayari cikin laka. Na ga abubuwa da yawa da aka kira sabon salo, da na duba sai na ga kwafe ne. Bayan da fim ɗin Hausa ya kankama a Kano daga Turmin Danya a 1990, an zo wani lokaci da kusan kowane fim sai an ɗauko labarin Indiya sukutum, da rawarsa da bin itatuwa, an sa masa hula da ɗankwali. Wannan ba shiga gaba ba ne, bin bayan ayarin wasu ne. Haka yaron da zai ɗauki waya ya yi zagi da tsiraici ya ce zamani ne. In kun lura da duk waɗanda na ambata, abu ɗaya ya haɗa su. Kowannensu kayan gida ya ɗauka, ya kuma dubi mutanen gida. Okeke ya koma ga zanen uwarsa, Ɗan Maraya ya dubi yaron tasha, Hajiya Balaraba ta dubi tsakar gida, 'yan Samaru suka koma dandali. Ni da wannan mudu nake awo yanzu, kuma ba a awo sai an ga hatsi.

Saura maganar cakuɗa harshe, wadda na ga ta fi ƙona wa wasu rai. An ce mu ƙungiyar Hausawa ce, aikinmu kare Hausa, yaya za a yi Fillanci a harabarmu. Allah Ya gafarta malam, ni a nan aka haife ni, a nan aka binne mahaifina. Yaranmu a Luggere da Rumde da Nassarawo da Limawa suka tashi, tare da 'ya'yan Fulani da Bata da Bare da Chamba. In ka tsaya a bakin kasuwa minti biyar za ka ji ciniki ya fara da Hausa ya ƙare da Fillanci. Yaron Kano ba shi da wannan, namu ne ke da shi. Kuma ruwa da ya zo bai tambayi yaren kowa ba. A 2012 da 2022, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, Binuwai ya cika ya shiga gidaje da gonaki, kowa ya ɗanɗana. A watan Yuli na 2025 kuma duk mun ga abin da ruwan sama na dare ɗaya ya yi a Shagari da Sabon Pegi cikin Yola, har da asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. Madatsar Lagdo ba ta hannunmu. Amma kwalbatin da ke ƙofar shagona, wanda leda da robar ruwa suka toshe, yana hannuna. Sau nawa aka yi sanarwa a masallaci? Sau nawa muka sa ranar gayya mutum goma suka fito? In yaran nan suna ganin suna da hanyar da za ta sa maƙwabci ya tsaya ya saurara, da harshen da yake ji, ni ban ga asarar da za mu yi ba in mun gwada.

An kawo mini karin maganar nan, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Sai dai hange sai an buɗe ido an duba wajen. Mu a kwamiti, har da ni, ba wanda ya ga wasan nan ko sau ɗaya. Takarda kawai muka gani.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe shugaba. A sa rana, ranar Asabar bayan la'asar, samarin su zo su yi wasan a gaban 'yan kwamiti da malamanmu biyu da wakilan iyaye mata, ƙofa a rufe. A tashi kafin magariba. Sharaɗi a kansu, ba ambaton sunan kowa, ba kwaikwayon wani sananne a unguwa yadda za a gane shi, ba siyasar jam'iyya, maza da mata kowa da wurin zamansa. In sun tsaya a tsakiya sun yi tambaya, mu daure mu ba su amsa, kada mu yi musu shiru. Bayan nan malamai su faɗi abin da suka gani, in akwai gyara a yi, in abin bai dace ba a gaya musu dalili a fuskarsu, su ma a ji ta bakinsu. Tabarmi da ruwan sha na wannan rana na ɗauka. Magatakarda, don Allah a rubuta, in an amince a sanar da su yau tunda ga su nan.